Akwatin Wata Rana

Al Muraqqabat, Dubai
11 ga Fabrairu, 2018

Zuwa ga taubashiyata Halimatus Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara, da ɗaliban da kike azabtarwa da kwamfuta. In kin je Ɗambatta ki gaishe mini da Goggo, ki tambaye ta ya gwiwar nan. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayana da ya fara ƙorafi, sai kuma kaina, wanda shi ne dalilin wannan takarda.

Kin ce in daina turo miki saƙon murya mai minti tara, in ina da magana in zauna in rubuta kamar wanda ya je makaranta. To ga shi na zauna. Ki karanta har ƙarshe, ke kika jawo wa kanki.

Sa'a, na gaji. Ba aikin kago ba, wannan na saba da shi: a auna kaya, a ɗaure, a rubuta suna, a tura kwantena ko jirgin sama. Abin da ya sha mini kai shi ne sallahu. Duk wanda ya taɓa gaisawa da babana a Kano yana da lambata. Wannan abaya, wancan turaren wuta, wata kuma takalmin da ta gani a ƙafar wata a wurin suna, ba hoto ba lamba, wai ni dai na san irinsa. Ga 'yan kasuwa masu sauka kasuwar Murshid Bazaar, kowa da nasa: ka tsaya a kan kayana, ka karɓo mini ragowar a shagon ɗan Indiyan nan, kar a haɗa kwalina da na wane. Ga mudir ɗinmu a ofis, wato manaja, wanda bai san wata kalma ba sai "yalla, yalla", wai a yi sauri.

Yadda nake riƙe su kuwa, in kika ji sai kin yi dariya har kin ƙware. Wasu a bayan hannuna da biro, alwala ɗaya ta wanke su. Wasu a jikin yagaggen kwali, kuma kwali a wurinmu ba ya kwana, sai in waiwaya in tarar an cusa shi cikin kayan wani ya kama hanyar Legas. Wasu ina tura wa kaina a waya, su nutse a ƙarƙashin saƙon murya ɗari uku da ban saurara ba.

Makon jiya abin ya kai ni ƙasa. Hajiya Wasila, mai kawo mayafai Kantin Kwari, ta ce in ware mata kwali biyu a sa a jirgin sama saboda na anko ne, biki ya matso, sauran su bi ruwa. Na ce khalas, an gama. Na rubuta a hannu. Yanzu haka mayafan anko suna tsakiyar teku, za su iso bayan an manta da wa ya ci shinkafar bikin. Ta tsaya a ƙofar ofishinmu a Port Saeed ta wanke ni tas, ko kakana ba ta bari ba, kuma da gaskiyarta.

Ke ce malamar kwamfuta. Ki nemo mini manhajar waya da zan riƙa zuba waɗannan abubuwa tana tuna mini. Kar ki kawo mini mai wuyar sha'ani. Ina son wadda mutum zai taɓa da hannu ɗaya yana tsaye a kan kaya yana zufa.

Naki,
Abdulhakeem


Kano
19 ga Fabrairu, 2018

Zuwa ga Alhajin Dubai mai rubutu a bayan hannu,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya. 'Yata Ummi Kulsum ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warware har ta koma ɓarna. Na je Ɗambatta ranar Asabar, gwiwar Inna da sauƙi, tana amsa gaisuwarka. Bayanka kuma tsufa ne, ka daina ɗora wa kaya laifi.

Na karanta wa maigidan labarin mayafai, ya ce a gaya maka Allah ya sa ba gawa aka ba ka ka kai asibiti ba. Ni ban yi dariya sosai ba, don na san Hajiya Wasila, na san abin da ka sha.

Na zaɓo maka guda uku, sunayensu da inda za ka sauke su suna can ƙasan takardar nan. Ta farko mai hoton giwa ce. Ita kamar sito take, komai kake so ka zuba: hoton kwali, hoton takarda, rubutu, murya, in ka tashi nema ka rubuta kalma ɗaya ta fito maka da shi. Ta biyu mai launin rawaya, ƙananan takardu ne kamar waɗanda ake mannawa a bango, ba ta da wuya ko kaɗan, ɗalibaina 'yan aji ɗaya ma sun iya. Ta uku jerin ayyuka ce kawai, kowane aiki da ɗan da'ira a gefensa, in ka gama ka taɓa ya ɓace, in lokacinsa ya yi kuma wayar ta yi ƙara. Ni ita nake amfani da ita, kuma ina jin ita ce daidai da kai, amma ka gwada duka kar ka ce na yi maka zaɓi.

Sai dai ka saurara da kyau, don a nan mutane suke faɗuwa. Manhaja ba ta da hankali, rana kawai ta sani. Duk abin da aka ce ka yi, a take ka tambayi mai shi yaushe yake so, ka sa masa rana da lokaci kafin ka mayar da wayar aljihu. Abin da ba shi da rana kuwa kar ka bar shi yana yawo cikin masu rana, zai cika maka ido ne kawai. Ka buɗe masa wuri guda, ka sa masa suna Wata Rana, ka riƙa leƙawa jefi-jefi. Haka nake yi, kuma shekara biyu ke nan ban manta da jarrabawar kowane aji ba.

Ladan wannan darasi turare ne mai kyau, ba irin wanda ka aiko bara da ya sa kyanwar maƙwabta ta yi hijira ba. Ka sa masa rana.

Taka,
Sa'adiya

Af, na kusa mantawa. Da zan taho Inna ta rako ni har zaure, ta ce in gaya maka in ka samu sarari ka leƙa mata wancan na wajenku. Ka san wanda take nufi, Yaya Dikko, tunda ɗan fari ne bakinta ba ya kama sunansa. Ta ce ba na gaggawa ba ne, kar ka takura kanka. Ni dai rabona da muryarsa tun babbar Sallah. Tunda ya zama sufabaiza a kamfani sai a hankali.


Al Muraqqabat, Dubai
16 ga Maris, 2018

Malama Sa'a,

Salamu alaikum. Ki yafe mini shirun wata guda. Ina fatan zazzaɓin Ummi Kulsum bai dawo ba, da maigidan da sauran yara duk kuna lafiya. Ni da sauƙi. Zafi ya fara leƙowa, na'urar sanyin ɗakinmu kuma ta fara tari, mu shida muna kallonta kamar majinyaci.

Ga rahoton ɗalibinki. Mai giwa na fara da ita, na yi mako guda ina ɗaukar hoton duk abin da ya gifta ta gabana, har na tara ɗari huɗu ban sa wa ko ɗaya suna ba. Da na tashi neman kwalin wani Alhaji sai ga ni ina duba hotunan kwalaye ɗari huɗu masu kama ɗaya. Laifina ne, ba na giwa ba. Mai rawaya ta yi mini daɗi kwana uku, ranar na huɗu wayata ta koma kamar bangon ofishin ƙaramar hukuma. Sai na koma kan taki mai da'ira, kuma a nan na tsaya. Kar ki kumbura.

Dokarki ta tambayar "yaushe" na bi ta, amma ba ki gaya mini amsar kowa ɗaya ba ce. Yau. Ɗan kasuwa bai san gobe ba. Wanda kayansa za su tashi bayan mako uku ma yau yake so, kuma da ihu. Duk abin da ya wuce lokacinsa manhajar tana mayar da shi ja, to ni da ja nake farkawa, da ja nake wuni. Wayar tana ƙara a jirgin ƙasa na metro, tana ƙara ina cin abinci, rannan ta yi ƙara a sahun farko wani Balarabe ya juyo bayan sallama ya ce mini, "Shwaiya shwaiya, habibi," wai in bi a hankali.

Amma gaskiya tana aiki. Wata guda ban ɓatar da kwali ko ɗaya ba. Hajiya Wasila ta dawo, na haɗa mata komai kafin ta buɗe baki, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko an yi mini rubutun sha ne. Kuma akwai wani daɗi da mutum yake ji in ya taɓa da'irar nan aiki ya ɓace, har nakan rubuta abin da na riga na yi don kawai in taɓa.

Abin da ban gane ba shi ne, da can ina mantuwa ina shan zagi, amma in na kwanta ina hutawa. Yanzu ba na mantuwa, ba na shan zagi, kuma ba na hutawa. In na share goma sha biyar ta haifo ashirin. Na fi da gajiya, Sa'a, sai dai yanzu gajiyar a jere take.

Akwatin Wata Rana ma na buɗe, kuma shi kaɗai ne wurin da ba ya yi mini ihu. A ciki akwai cire haƙorin nan, da koyon Larabci na gaske, da lasisin tuƙi. Saƙon Goggo ma can na sa shi tunda ta ce ba gaggawa. Na kira Yaya Dikko sau ɗaya wayar a kashe, kin san mutanen kamfani da canja layi. In aiki ya lafa zan je ginin da ya taɓa ce mini a nan ofishinsu yake. Akwai kuma Ado, wani dattijo mai ɗaurin kaya a Murshid Bazaar, ya tare ni ya ce yana son magana da ni in na samu sarari. Na san neman aiki ne za a yi wa wani, shi ma na tura shi Wata Rana.

Turarenki yana da rana, ashirin da biyar ga wata.

Naki,
Abdulhakeem


Ɗambatta
8 ga Afrilu, 2018

Abdulhakeem,

Salamu alaikum. Muna lafiya, an yi hutu na zo gida da yara tun shekaranjiya. Turare ya iso, na gode. Inna ce ba lafiya ba, kuma ba gwiwa ba ce.

Da na shigo na tarar ta rame. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya yanzu sai ta ninka. Na tambaye ta me ke damunta ta ce zafi ne. Na ce mu je asibiti ta ce ba inda za ta. Sai da na ja Mariya matar Hadi, ƙanena, zuwa madafi na matsa mata, sannan na ji abin da nake zaune a Kano ban sani ba.

Ashe duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya Dikko yana kiran ƙaramar wayar Inna. Shekara biyu bai taɓa tsallakewa ba. Ba wata hira suke yi ba, Mariya ta ce "to, to, madalla" kawai take cewa ta miƙa wa wanda yake kusa. Tun Juma'ar ƙarshe ta watan Janairu bai ƙara kira ba. Na lissafa, Juma'a goma ke nan. Duk Alhamis tana aikawa da wayar wurin mai caji ko da cike take. Ranar Juma'a ta ɗaure ta a bakin mayafi ta zauna a ƙofar ɗaki har magariba, sannan ta kwance ta ajiye a ƙarƙashin filo. Ba ta ce wa kowa komai ba. Hadi da ya taɓa cewa bari ya bincika, sai ta ce wa ya aike shi. Abinci kuwa loma uku ne ta ture.

Shekaranjiya na gani da idona. Na zauna kusa da ita tun azahar ina yi mata surutun makaranta, tana amsawa, hannunta yana kan ƙullin mayafin nan. Da aka kira magariba ta tashi da ƙyar, ba ta dube ni ba ta ce, "Wancan yaron na Dubai, aiki ya yi masa yawa ko?" Kai take nufi. Iyakar tambayar da za ta iya yi ke nan.

Na koma na sake karanta takardarka ta watan jiya, wadda na yi wa dariya. Ka sa uwata tsakanin ciwon haƙori da lasisin tuƙi. Turarena ya samu rana, ita ba ta samu ba.

Ka ajiye kwalayen mutane ka je ginin nan yau.

Sa'adiya


Port Saeed, Dubai
10 ga Afrilu, 2018

Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Goggo lafiya. Ni ma ina nan.

Takardarki ta yi mini zafi kuma ba zan ɓoye ba. Wa ya rubuta "ba na gaggawa ba ne"? Wa ya ajiye maganar a can ƙasa bayan sa hannu, da "af, na kusa mantawa"? Wa ya koya mini abin da ba shi da rana a kai shi akwati? Ke kina awa ɗaya da ita a mota ba ki san an daina kira ba, ni da nake bayan teku ni ne zan sani. Na bi darasinki ne harafi da harafi, Malama.

Na rubuta wannan jiya na bar shi ban tura ba. Ban goge ba don haka na ji, amma ba shi ne duka ba.

Na san Goggo. Shekara uku na yi a gidanta ina firamare. Na tuna lokacin da Yaya Dikko ya yi shawara har idonsa ya koma rawaya, ita ko ɗakin ba ta shiga in da mutane. Sai ta dama kunu ta miƙo mini tana kallon wani wuri ta ce, "Kai wa wancan in ka ga dama." Ina ɗan shekara tara na san ba ganin dama ba ne, da gudu nake kaiwa. Yau ina da shekara talatin da huɗu da waya mai ƙara sau hamsin a rana, na ji irin wannan magana na ɗauke ta yadda aka faɗe ta.

Na je ginin jiya da yamma. Hawa goma sha ɗaya, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tambaya da Dikko, na tambaya da sunansa na fasfo, Salmanu, na nuna hoto. Ba wanda ya taɓa ganinsa, mai gadin ma shekararsa shida a wurin. Kar ki gaya wa Goggo wannan tukuna.

Abdulhakeem


Ɗambatta
11 ga Afrilu, 2018

Abdul,

Gaskiya ka faɗa. Ta rako ni har zaure, matar da ko ranar aurena ba ta wuce ƙofar ɗaki ba, ni kuma ina duba agogo kar mota ta cika. Na kwaso maganarta yadda ta fito na miƙa maka, alhali aikina shi ne in gaya maka abin da take nufi. Ka yafe mini maganar haƙori.

Ban gaya mata ba. Na ce mata kana kan hanya. Ta ce kar a dame ka.

Zan zauna har ƙarshen hutu. Jibi Juma'a, ban san yadda zan yi da idona ba.

Sa'adiya


Al Muraqqabat, Dubai
20 ga Afrilu, 2018

Sa'a,

Salamu alaikum. Kin riga kin ji muryarsa ɗazu, don haka kin san yana raye. Ga abin da ba a faɗa a waya ba, ki karanta ke kaɗai.

Kwana tara ina yawo. Na bi masallatan unguwar Deira da Hausawa suke taruwa, na bi gidajen abincin da ake tuwo, na tambayi direbobi. Ban tambayi mutanen Murshid Bazaar ba, don a kaina sufabaiza nake nema, me zai kai shi cikin masu ɗaurin kaya. Mudir ya yi "yalla" har ya gaji, wayata ta yi ja daga sama har ƙasa ban duba ba.

Jiya da safe haushi ya kama ni na buɗe akwatin Wata Rana don in share shi gaba ɗaya. Rabona da buɗe shi tun ranar da na rubuta miki labarinsa. Sai ga saƙon Goggo, daidai ƙarƙashinsa kuma ga layin nan: Ado yana son magana in na samu sarari. Na tsaya ina kallon su biyun, sai na nufi Murshid Bazaar.

Na tarar da Ado yana ɗaure buhunan atamfa. Ko gaisuwa ban gama ba ya ajiye igiya ya ce, "Sai yau, Abdul? Tun Fabrairu nake jiranka. Dikko ya sa ni na rantse ba zan kai maka maganarsa ba, shi ya sa na ce in ka samu sarari. Na ɗauka kai Bahaushe ne za ka gane."

Yaya Dikko ba sufabaiza ba ne, bai taɓa zama ba. Aikin da aka kawo shi dominsa ya watse tun watansa na huɗu, ya koma lodi a bakin ruwa inda jiragen katako suke ɗaukar kaya. Daga tagar ofishinmu ana hango wurin. Shekara biyu in ya hango ni na nufo sai ya zagaya bayan kaya. Ƙarshen Janairu wata firji ta suɓuce daga igiya ta sauka masa a ƙafa, wayarsa kuma ta faɗa ruwa da duk lambobin da ke cikinta. An kai shi asibiti an yi masa aiki, ya yi mako uku, sannan ya dawo ɗakinsu.

Yau bayan Juma'a Ado ya kai ni. Wani tsohon gini ne a lungu, gado takwas a ɗaki ɗaya, nasa na ƙasa a bayan ƙofa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, sanda tana jingine da bango. Da ya gan ni ya jawo bargo ya rufe ƙafar, ya fara yi mini faɗan me ya sa ban yi sallama da ƙarfi ba. Abokan ɗakinsa 'yan Bangaladash ne, su suke raba abincinsu da shi, Ado kuma yana kawo masa koko ranar da ya samu.

Na tambaye shi me ya hana ya aiko a karɓi lambar Goggo a wurina. Ya ce da wane baki. In ya aiko sai na zo, in na zo sai na gani, in na gani Ɗambatta ta ji. Ya ce yana jira ne ya taka ƙafar ya koma aiki ya sayi waya, sai ya ce tafiya kamfani ya tura shi. Can ya dubi bango ya ce, "Mutanen gida fa?" Na ce suna nan, amma abinci ba ya shiga. Sai ya miƙo hannu in ba shi wayata.

Na ce ya bari lokacin da ya saba kira ya yi, shida a nan, uku a wurinku. Muka zauna awa biyu da wayar a tsakaninmu tana ta ƙarar ayyukan mutane, har na kashe mata murya. Sauran kin ji da kunnenki. Bai ambaci ƙafa ba, kuma ya roƙe ni kar a gaya mata.

Gobe zan dawo da shi ɗakinmu, akwai gadon da mai shi ya tashi. Na gaji iyakar gajiya, Sa'a, amma yau ina jin zan yi barci.

Naki,
Abdulhakeem


Ɗambatta
22 ga Afrilu, 2018

Zuwa ga taubashina Abdulhakeem,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara sun ƙi yarda hutu ya ƙare. Ka gaishe da Yaya Dikko da jiki, ka gaishe da Malam Ado, ka ce masa wata a Kano tana yi masa addu'a. Na karanta takardarka a bayan gida don kar a ga fuskata.

Ga yadda aka yi a nan. Muna zaune a ƙofar ɗaki, ni da ita da Mariya tana tsince shinkafa. Ƙarfe uku da 'yan mintoci mayafin ya fara ƙara. Ni har na miƙe. Ita kuwa ta bari ya yi sau uku, sannan ta kwance ƙullin a hankali kamar wadda aka katse wa wani aiki. Ta kara a kunne ta ce, "To." Aka jima ta ce, "To, madalla." Sai ta miƙo mini tana kallon kaji ta ce ga shi nan. Ko minti ɗaya ba su yi ba.

Ina cikin yi masa kuka da faɗa sai na ji tana tambayar Mariya ko akwai sauran tuwon jiya. Aka ɗumama. Ta ci malmala ɗaya da rabi, ta ce miyar ta yi gishiri.

Na gaya mata kai ka nemo shi. Ta ce ka wahalar da kanka, ai ta ce ba na gaggawa ba ne.

Ban faɗi maganar ƙafa ba, ban faɗi ta lodi ba. Amma jiya da hantsi na tarar da ita ta baje kaya a tabarma: man shanu a kwalba, garin kunu, kuka, daddawa, da man kaɗanya da ta haɗa da wasu saiwoyi irin wanda ake shafa wa mai ciwon jiki. Na ce Inna wa ye ba lafiya. Ta ci gaba da ƙulli a leda. Can ta ce, ba da ni take ba, da ledar take, shekara biyu tana jin ƙarar ruwa da ihun masu ɗaukar kaya a bayan muryar, ba ta taɓa tambayar wane irin ofis ba ne. Ta ce wannan karon shirun ɗaki ta ji.

Hajiya Wasila jirginta jibi, zan kai mata ƙullin da kaina gobe in na shiga Kano. Inna ta ce in gaya maka, in ka samu sarari, in babu takura, ka miƙa wa wancan. Ta ce ba na gaggawa ba ne.

Jirgin yana sauka da asuba ranar Laraba. Ka je filin jirgi ka jira ta.

Taka,
Halimatus Sa'adiya